Tashar da Ta Koma Sunan Tsalha

Kwanakin baya ina zaune a bencin mai shayi a bakin kasuwar Dutsin-Ma, samari na hirar sabon layin dogon da ake shimfiɗawa can arewa da mu. Ɗayansu ya ce in an gama shi ma zai nemi aiki, amma irin wanda na yi.

"Ai aikin Baba Lawal yawo ne da guduma a kafaɗa," in ji shi. "Ka sha iska, wata ya ƙare a biya ka."

Aka yi dariya, ni ma na ɗan taɓa don kada a ce tsoho ya ji haushi. Sai wani direban mota ya juyo ya ce, "Baba, wai a wace tasha ma ka yi aikin?" Na faɗi sunanta, bai gane ba. Na kwatanta masa: gaba da Funtua ta hanyar Gusau, inda wani tsohon tankin ruwa yake tsaye shi kaɗai a cikin gonaki.

"Au, Tsalha kake nufi! Ai kullum ina sauke fasinja a nan."

Ban ƙarasa shayin ba. Tsalha mutum ne, yana nan da ransa, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ɗaure noti ɗaya a layin dogo ba. Amma yau wurin da na ƙarar da ƙuruciyata da sunansa ake kira. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi, ko da ilimina bai wuce firamare ba, don kada in mutu a ce tashar nan Tsalha ne ya riƙe ta.

Ni mutumin Wurma ne ta ƙasar Kurfi. Wajenmu dogo bai taɓa bi ba, jirgi sai a labari. Kawuna Ɗanjuma, ƙanen mahaifiyata, shi ne heluma, wato shugaban ma'aikatan da ke gyaran layi a waccan ƙaramar tasha. Da na gama firamare ya zo gida da salla, ya dube ni ina sake ƙulla igiyar akuyar da na riga na ɗaure, ya ce wa mahaifiyata, "Ba ni wanga yaro. Mai irin wanga hali shi dogo ke so."

Tashar ba wani abin kallo ba ce. Ɗaki biyu ne na dutse da rufin kwano, rumfar ajiye kaya, tankin ruwa, da ɗan guntun layi a gefe inda ake ajiye tarago. Kawu ya ce tun zamanin Turawa aka gina ta saboda gyaɗa da auduga, da kuma jiragen da, masu cin kwal, waɗanda dole su tsaya su sha ruwa. Da ba kowa a wurin sai daji. Jirgi ne ya kawo masu tuwo, masu tuwo suka kawo mahauta, har aka yi gari. Na iske ƙarshen wannan zamani. Ranar da jirgin fasinja zai tsaya, tun hantsi mata ke jera ƙwarya, kuma ko mai noma a nesa ya san ya ajiye fartanya ya zo ya ga wanda ya sauka.

Aikin farko da Kawu ya ba ni shi ne in bi shi a baya in yi shiru. Dogo yana zaune ne a kan wasu faifan ƙarfe da aka jera a cikin tsakuwa, kuma a kowane faifai akwai ɗan ƙarfe kamar yatsu biyu da ake cusawa ya matse dogon. Makulli muke ce masa. Jirgi in ya wuce yana girgiza su, wasu su saki, wasu su faɗo. Aikin mai duba layi shi ne ya bi rabonsa da ƙafa kowace safiya kafin jirgi ya zo, ya tafi ta dogon dama ya dawo ta na hagu, yana taɓa su da guduma. Kawu bai taɓa ce mini ga mai kyau ga marar kyau ba. Sai ya buga ɗaya ya tsaya ya dube ni. Makullin da ya kama, ƙararsa tsaf take fita, kamar an buga tasa. Wanda ya saki kuwa muryarsa a dushe take, kamar tulun da ya tsage. Sai da damina ta zagayo kafin kunnena ya buɗe, kuma ranar da na fara ganewa da kaina bai ce madalla ba. Cewa ya yi, "To, yanzu ka rage surutu a zuci, ka ji mi ƙarfe ke hwaɗi."

Kayan aikina guduma mai doguwar ƙota, sufana wadda ta kusa kai mini ƙugu, jar tuta da koriya a naɗe, da jakar makullai. Ƙotar guduma ni nake sassaƙa ta da icen kanya, don wadda ake kawo mana daga sito ba ta shekara. Wanda ya ce wannan yawo ne, ya ɗauki waɗannan kaya ya taka tsakuwa da tsakar bazara. Tazarar faifan ba ta kai taki ɗaya ba, ta kuma fi rabin taki, saboda haka tafiyar ma daban ce. Har yau a haka nake tafiya, jikokina na kwaikwayona.

Kowane lokaci da irin sharrinsa. Da bazara ƙarfe yana miƙewa, ɗan ratar da ke tsakanin dogo da dogo ta rufe, in ba a lura ba layi ya lanƙwashe kamar maciji. Da sanyi yana tsukewa, noti ya tsinke. Da damina ruwa ya ci ƙasa ta ƙarƙashi, sama lafiya lau, ciki rami. Ni kuma Allah Ya yi ni da rashin yarda da hannuna. Sai in buga makulli, in yi gaba, zuciya ta ce anya ya kama? In dawo in sake bugawa. Abokan aiki su ce an gama, in ce, "Anya kuwa?" Daga nan suka laƙaba mini Anya, har shugaban tasha haka yake kirana. Sun sha cin abinci su bar ni a layi. Amma a rabona tarago bai taɓa sauka daga dogo ba, wannan kam a je a tambaya.

Tsalha kusan tare muka zo. Shi dako ya fara, yana sauke buhu. Bai daɗe ba ya ce bayansa na ciwo, ya samo tebur da tukunya ya kafa shayi a gindin tankin ruwa, inda inuwa take. Ba ma'aikacin reluwe ba ne, ba shi da lamba, ba shi da kaki. Amma direbobin jirgi shi suka sani. Tun daga kwana za su danna masa ƙaho, ya fito yana ɗaga ludayi. Su jefo masa rake da doya daga kudu, wani lokaci har gawayi. Ni da na tabbatar musu da hanyar da suka taka, in sun wuce ni a daji ina tsaye da koriyar tuta, hannu ma ba kowa ke ɗaga mini ba. In na dawo da yamma ƙafa duk ta kumbura, sai ya hango ni ya ɗaga murya don jama'a su ji.

"Ga Anya nan! Malam Anya, dogon yana nan inda ka bar shi jiya, ko ya gudu?"

"Yana nan, tunda ba kai aka ba tsaro ba."

"Zo ka sha shayi. Amma ka duba kofin da kyau, anya ba ya yoyo?"

A yi ta dariya. Shayinsa kuma, tsakani da Allah, ruwa ya fi yawa.

Masu hulɗa da mai duba layi iri biyu ne, kuma duk ba fasinja ba ne. Na farko maƙera. Ƙarfen makulli yana yin wuƙa da lauje masu kyau, saboda haka duk wanda ya faɗo, in ban riga yara tsinta ba, sai dai in gan shi a kasuwa ya zama lauje. Ban taɓa kai kowa ƙara ba. Zuwa nake in zauna a maƙera in yi ta bayanin yadda tarago ke kifewa har maƙerin ya gaji ya ce, "Don Allah Malam ɗauki abinka ka tahi."

Na biyu makiyaya, kuma a kansu na yi aikin da na fi tunawa. Layinmu ya ratsa burtali. Da kaka shanu su gangara kudu, da farkon damina su hauro, kuma kowane garke inda ya ga dama yake hayewa. Kofato yana watsa tsakuwa, faifan su zauna a kan iska. Garke ɗaya in ya wuce, aikin yini ne da shebur. Wata shekara kuma jirgin kaya ya fito daga kwana ya iske garke a kan layi, ya kashe shanu, har aka zare sanduna a tasha. Kawu ya ce wannan ba aikinmu ba ne, na manya ne. Ni kuwa na kasa ci na kasa sha, don na san in saniya ta shiga ƙarƙashin inji da kyau, jirgin ma kifewa zai yi.

Mahaifiyata Bafillatana ce ta wajen Makera, ina jin Fillanci gwargwado. Na sayi goro na tafi ruga wurin Arɗo Buba, wanda shanunsa aka kashe. Muka gaisa, ya ji harshena, fuskarsa ta ɗan saki.

"Kai ɗan wa ne a cikinmu ka koma bautar ƙarfe?"

Na faɗa masa. Na ce, "Baffa, so nake shanu su riƙa hayewa wuri ɗaya."

"Kakana ya bi nan tun ba dogo. Dogo ne ya iske mu."

"Gaskiya ne. Amma shi ba ya iya kaucewa, ku kuna iyawa."

Ya daɗe yana tauna goro, sannan ya ce, "Nuna wurin. In nagge ta yarda, saniya ke nan da Hausarku, na yarda."

Na zaɓi wuri yamma da tasha inda ƙasa ta yi daidai da layi, kuma mutum na hango jirgi daga nesa ta kowane ɓangare. Bayan na gama zagayen safe sai in koma can da diga da kwando. Na haƙo marmara na cike tsakanin dogayen, na bar hanyar ƙafar jirgi, na daɓe, na jera duwatsu a gefe don kada ruwa ya kwashe. Na saro rassan ceɗiya biyu na kafa, ɗaya kudu ɗaya arewa, don a hango daga nesa, na yi ta ɗebo musu ruwa daga tanki har suka kama. Yin mahayin bai kai wahalar koya wa mutane bin sa ba. Shekaru na yi duk lokacin wucewar shanu ina tsaye a burtali ina kora garke da tuta. An zage ni da Hausa an zage ni da Fillanci. Wani saurayi ya taɓa ɗaga mini sanda, Arɗo ya ce masa, "Bar shi. Wannan ko ka kashe shi, gawarsa za ta tashi ta ce anya."

Da babban mai duba aiki ya zo a kurarsa ta kan dogo, ya tsaya a mahayin ya yi ta kallo. Lokacin ina can ƙarshen rabona. Da ya iso tasha ya zauna shan shayi ya ce wa ya yi wannan dabara, sai Tsalha ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ne nan muka ga abin ya yi yawa." Aka ba shi hannu. Kawu na wurin, amma shi ba ya magana gaban manya. Da na dawo aka ba ni labari, na je na sami Tsalha.

"Tsalha, kwando nawa ka ɗauka?"

"Haba Anya, ruwan da ka shayar da itacen ba a gindin teburina ka ɗiba ba? Ai da ni aka yi."

Mutuwar tasha ba rana ɗaya ta zo ba. Jiragen dizal ba sa shan ruwa, sai suka riƙa wucewa ba tsayawa. Aka yi kwalta ta gabas da gari, gyaɗa da auduga suka koma bin manyan motoci. Jirgin fasinja ya koma sai an ga dama. Aka ɗauke shugaban tasha aka ce za a turo wani, har yau ana turowa. Tsalha ya duba ya ga inda iska ta juya, ya ɗauki teburinsa a ka ya kai bakin kwalta, daidai inda hanyar tasha ta fita. Na ce masa wannan butulci ne, tashar da ta yi maka riga. Ya ce, "Ni shayi nike saidawa, ba amana ba."

Muguwar shekarar ita ce wadda Kawu ya rasu. Albashi ya yi ta jinkiri har abokan aiki suka watse, wasu noma, wasu Kaduna. Makullai suka ƙare a jaka, ba a kawo wasu ba. Masu sayen tsohon ƙarfe suka fara shigowa da kura, ba maƙeran da na sani ba waɗanda ake jin kunyar juna da su. Sai na koma sassaƙa makulli da icen marke ina cusawa inda babu, na san ba zai daɗe ba, amma ya fi rami. Damina ta yi ƙarfi, ciyawa ta rufe dogo, ina tafe ina sara da adda. Ba wanda ya ce in ci gaba, ba kuma wanda ya ce in bari. To in na bari, jirgi ya zo fa? Na ƙarshen da ya wuce na kaya ne, a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Na ɗaga masa koriyar tuta ban san shi ke nan ba. Bayansa na ƙara damina guda ina zagaye, mutane na nuna ni da baki.

Da takardar sallama ta zo, sai guduma ta tsaya mini a rai. Kayan gwamnati ce, ba zan kai ta Wurma a ce na sata ba. Ofis kuwa a kulle, ba wanda zan miƙa wa. Duk garin mutum ɗaya ne na san ba zai tashi ba. Na kai wa Tsalha na ce ya ajiye, in ma'aikata sun dawo ya ba su. Ya ce, "An gama, Anya." Na yi gaba, na dawo na ce kada ya bari ruwa ya taɓa ƙotar.

Bayan maganar direban nan ban samu sukuni ba sai da na shirya na tafi. Da safe na fita, don hanyar yanzu ba a yin yamma a kanta. Muna kusa sai yaron mota ya buga ƙofa yana cewa, "Tsalha! Akwai mai sauka Tsalha?" Sai da muka kusa wucewa sannan na ce akwai.

Wurin ya zama gari guda. Shaguna a jere, masallaci, masu faci, masu nama. Tsalha ya zama Alhaji, ya yi tumbi, yana kishingiɗe a kujera 'ya'yansa na sayar da kaya. Ya ƙura mini ido, sai ya tashi zaune.

"La ilaha illallahu! Anya? Kai ne ko fatalwarka? Ka zo duba dogo?"

"Na zo ganin garinka, Alhaji. Na ji har suna ka ci."

"Ni ban sa ba, 'yan mota ne. Kawo wa Malam lemo mai sanyi!"

Ina zaune na ga wanda zai kawo lemon ya jawo ƙanƙara daga buhu, ya ɗauko guduma ya fasa. Tun kafin in ga ƙotar na gane ta da ƙara. Kanyar da na sassaƙa ce, ta yi baƙi, ruwa na ɗiga daga jikinta.

"Alhaji, ba na ce kada ruwa ya taɓa ta ba?"

"Ai ma'aikatan ba su dawo ba. Kuma ka ga ba ta ɓata ba. Baƙi in sun zo ina nuna musu, in ce da wagga muka riƙe layi."

"Muka?"

"To, kai da ni. Sha lemonka."

Ban sha ba. Na ce zan taka in ga tasha. Rufin ya tafi, ɗakunan an zuba kara a ciki, allon sunan babu ko ƙafarsa. Guntun layin gefe an kwashe. Babban layin yana nan a wasu wurare, ƙasa ta binne shi, ana noman dawa har kansa. Na bi shi yamma da irin takun da na saba, ina duba ƙasa, hannuna na neman abin da babu.

Daga nesa na hango ceɗiyoyin. Sun zama manya, rassansu sun haɗe a sama. Ina isa sai ga garke ya fito daga arewa. Fili ne ko'ina, an yi girbi, ba jirgi, ba mai tuta, saniya na iya hayewa duk inda ta so. Amma sai na ga na gaba sun karkato da kansu, sun tsuke, sun bi ta tsakanin itatuwan nan biyu ɗaya bayan ɗaya. Mai garken magidanci ne da furfura a gemu. Muka gaisa da Fillanci.

Na ce, "Me ya sa kuka zagayo nan, ga hanya miƙaƙƙiya can?"

"Nan ne mahayi."

"Ai jirgi ya daina zuwa."

"Shanu ba su sani ba. Uwayensu nan suka bi. Mu ma tun muna yara in ka hayar da su wani wuri sai ka sha sanda. An ce wani mutum ne a da, mai naci, ba ya barin kowa ya huta."

"Ya sunan wurin?"

"Mahayin Anya. Har can gabas in ka ce Mahayin Anya an san inda za a haɗu."

Na tambaye shi ko ya san mutumin. Ya ce a'a, ya daɗe da mutuwa dai. Ya bi shanunsa. Na zauna a gindin ceɗiyar kudu, na duba duwatsun gefe, biyu sun goce, na mayar da su.

Da na koma na faɗa wa Tsalha, don ya san ba shi kaɗai ba ne. Ya yi dariya har da tari.

"To madalla! Ni mutane, kai shanu. Allah Ya raba mana daidai."

Na ce ya ba ni gudumar. Ya ce ai kayan gwamnati ce, ko na manta? Gaskiya ya faɗa. Na dai sa aka goge ƙotar aka jingine ta inda rana ke bugawa.

Ku samari, aikin ke nan, in kuna so ku nema. Ni dai na shiga motar dawowa kafin la'asar. Da muka yi nisa yaron mota ya zo karɓar kuɗi ya ce, "Baba, daga ina ka hau?"

Na ce, "Daga Mahayin Anya."

"Ina ne kuma nan?"

Na sake faɗa da ƙarfi. Ya dubi direba, direba ya girgiza kai, fasinjoji suka fara juyowa. Yaron ya ce, "Baba, don Allah kada ka ɓata mana lokaci."

Na miƙa masa kuɗin, na ce, "Tsalha."